Ɗakin Karatu na Jama'a a Karkarar Arewacin Kano da Rawar da Malamin Hausa Zai Taka

1.0 Gabatarwa

Yawancin ɗaliban da ke nazarin Hausa a kwalejojin ilimi ba a cikin birni za su fara koyarwa ba. Da zarar an kammala karatu, wani Ɗambatta za a tura shi, wani Bichi, wani kuma Makoɗa ko Tsanyawa ko Minjibir. A can ne sabon malami zai ci karo da wasu matsaloli guda biyu waɗanda allo da alli kaɗai ba sa magance su. Ta farko ita ce, yaro kan gama firamare ya iya karatu daidai gwargwado, amma bayan 'yan shekaru sai karatun ya zube, saboda babu abin karantawa a gidansu in ban da takardar da aka ƙunso ƙosai a ciki. Ta biyu kuwa, dattawan da suka san yadda aka kafa garin da abubuwan da suka auku a cikinsa suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an rubuta abin da ke kansu ba.

Ɗakin karatu na jama'a shi ne wurin da ya fi dacewa a tunkari waɗannan matsaloli. Saboda haka, a wannan babi za a yi bayanin ma'anarsa da tarihinsa a taƙaice, sannan a dubi manyan ayyukansa guda huɗu, wato ba da shawara kan littattafai, da zaɓen fina-finai, da tsara shirye-shirye, da kuma adana tarihin gari.

2.0 Ma'anar Ɗakin Karatu na Jama'a

Ɗakin karatu, ko laburare, wuri ne da ake tara littattafai da jaridu da mujallu da sauran kayan ilimi, a tsara su bisa ƙa'ida, domin a karanta a wurin ko a ara a tafi da su gida. Akwai na makaranta, da na jami'a, da na ƙasa, da na ma'aikatu. Abin da ya bambanta na jama'a da sauran shi ne, da kuɗin jama'a ake gudanar da shi, kuma ƙofarsa a buɗe take ga kowa: yaro da babba, mace da namiji, manomi da ma'aikaci. A kan wannan manufa ce Hukumar UNESCO ta fitar da sanarwarta game da ɗakunan karatu na jama'a a 1949, aka kuma sabunta ta a 1972 da 1994 da 2022.

Tara littattafai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa malamai ke adana littattafan Larabci da na ajami a cikin gafaka, suna ba wa juna aro domin a kwafa. Sai dai waɗannan mallakar mutum ɗaya ne ko gida ɗaya, kuma almajirai da abokan ilimi ne kawai ke kaiwa gare su.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Kafin a yi ɗakin karatu sai an sami abin karantawa. Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. A shekarun Yaƙin Duniya na Biyu aka buɗe ƙananan ɗakunan karatu a manyan garuruwa ƙarƙashin hukumomin En'e, galibi domin jama'a su riƙa samun labarin yaƙi. A 1952 aka kafa babban ɗakin karatu na Jihar Arewa a Kaduna, wanda ya riƙa aika littattafai cikin akwatuna zuwa larduna. A wannan zamani ne kuma aka yi gangamin Yaƙi da Jahilci, inda Hukumar NORLA ta buga ƙananan littattafai masu yawa domin manya da suka koyi karatu.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, sai nauyin ya koma wuyan gwamnatin jiha. Hukumar Ɗakunan Karatu ta Jihar Kano ce ke kula da Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad da ke cikin birni, tare da rassa a wasu ƙananan hukumomi. Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne, tun farko daga sama ake turo littafi zuwa ƙauye. Ba kasafai ake tambayar mutumin ƙauye abin da yake so ya karanta ba, balle a nemi abin da shi ma zai iya bayarwa.

4.0 Yanayin Karkarar Arewacin Kano

Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano tana daga cikin yankunan karkara mafiya cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Gona na manne da gona, ƙauye na hango ƙauye, kuma ba a cika barin fili ya huta ba. Da takin gida da na dabbobi ake raya ƙasa shekara da shekaru, ana shuka gero da dawa da wake da gyaɗa a ƙarƙashin itatuwan gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya. Daga shekarun 1970 aka gina madatsun ruwa irin su Tomas a yankin Ɗambatta da Watari a Bagwai, waɗanda suka ƙarfafa noman rani.

Wannan yanayi yana da tasiri a kan aikin ɗakin karatu ta fuska uku. Da farko, tun da ƙauyuka na kusa da juna, ɗaki guda zai iya wadatar da garuruwa da dama, domin tafiyar ƙafa ko ta keke ce ke tsakaninsu. Na biyu, lokacin jama'a ba agogon ofis ke raba shi ba, damina da kaka da rani ne. Ɗakin da ake buɗewa da ƙarfe takwas na safe a rufe da la'asar a tsakiyar damina, kujeru kawai zai yi wa hidima. Na uku, mutane da yawa sun fi sakewa da ajami ko da sauraro a kan karatun boko, kuma matan aure da dama ba sa fita da rana. Duk tsarin da bai yi la'akari da waɗannan ba, ya bar mafi yawan jama'a a waje.

5.0 Ba da Shawara Kan Littattafai

Masanin nan na ƙasar Indiya, Ranganathan, ya shimfiɗa dokoki biyar na aikin laburare a 1931. Gundarinsu shi ne, amfani da littafi shi ne dalilin ajiye shi, kuma aikin ma'aikaci ne ya haɗa kowane mai karatu da littafin da ya dace da shi ba tare da ɓata masa lokaci ba. Wanda bai saba da karatu ba, idan ya shiga ya ga kantoci cike da littattafai, yakan rasa ta inda zai fara, sai ya juya. Shawara ita ce gadar da za ta tsallakar da shi.

Kafin a miƙa wa mutum littafi, ya kamata a san abubuwa uku: ƙarfin karatunsa, da abin da ke ransa, da kuma lokacin da yake da shi. Tambaya mafi amfani ita ce, "Wane labari ka taɓa ji ko ka karanta ya burge ka?" Daga amsar ne za a gane inda aka dosa. Ga misalin yadda za a iya kasa masu karatu:

(a) Yaran firamare: Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, domin yaro ya riga ya san Gizo da Ƙoƙi tun a gida, don haka sabon abu ɗaya ne kawai a gabansa, wato rubutun. Daga nan sai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da Magana Jari Ce, wanda gajerun labaransa ke ba yaro damar gama ɗaya a zama guda.

(b) Matasa: Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya dace ƙwarai da saurayin da hankalinsa ya karkata ga barin gona ya tafi birni, domin jigonsa ke nan. Haka kuma akwai littattafan gasar Kamfanin NNPC da aka buga a 1980, wato Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Ganin sunan garinsu a bangon littafi kaɗai ya isa ya nuna wa yaron wannan yanki cewa marubuci ba daga sama yake faɗowa ba.

(c) Mata: littattafan da ake kira Adabin Kasuwar Kano sun jawo mata masu yawa cikin karatu tun daga tsakiyar shekarun 1980. Bai kamata a yi musu kuɗin goro a hana su shiga ba. A tace, a zaɓi masu ma'ana, kamar Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, waɗanda suka taɓo ilimin 'ya'ya mata da zaman aure.

(d) Dattawa da manoma: waƙoƙin wa'azi irin su Imfiraji na Aliyu Namangi, da littattafan tarihi, da ƙasidun aikin gona da kiwo da ake rubutawa da Hausa.

Shawara ba ta tsaya ga baki ba. Ana iya rubuta sunayen littattafai biyar a allo a ƙofar ɗaki kowane wata, kowanne da jimla biyu da za su kwaɗaitar ba tare da sun tona ƙarshen labari ba. Sharaɗi guda ne: kada malami ya ba da shawarar littafin da shi kansa bai karanta ba.

6.0 Zaɓen Fina-finai

Mutanen karkara sun san fim tun zamanin majigi, lokacin da motar gwamnati kan zo ƙofar fadar hakimi da dare ta haska hotuna a kan farin ƙyalle. Baban Larai, wanda aka shirya domin koyar da noman zamani, yana daga cikin waɗanda tsofaffi ke tunawa. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar fim. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin fina-finan bidiyo na Hausa, sannan a 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano. A yau fim ya koma cikin wayar salula, yaro na kallonsa shi kaɗai babu mai yi masa jagora.

Fim ba kishiyar littafi ba ne idan an san yadda za a sarrafa shi. Hanya mafi sauƙi ita ce a zaɓi labaran da suka fito ta siga biyu, kamar Shaihu Umar, ko Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, ko In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. A karanta littafin tukuna, sannan a kalli fim ɗin, a tambayi masu kallo: me aka rage, me aka ƙara, kuma don me? Wanda ya amsa waɗannan tambayoyi ya fara nazarin adabi ko da bai san sunan abin da yake yi ba.

Wajen zaɓe, a lura da dacewar fim da shekarun masu kallo da tarbiyyar gari, da ingancin Hausar da ke cikinsa, da kuma ko yana ɗauke da abin tattaunawa. Lallai ne malami ya kalle shi daga farko har ƙarshe kafin ya nuna, ya kuma sanar da mai gari da iyaye. Fim guda da bai dace ba yana iya rufe ƙofar da aka shekara ana ƙoƙarin buɗewa.

7.0 Shirye-shirye Bisa Kalandar Manomi

Masu iya magana kan ce, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Kowane shiri yana da lokacin da zai karɓu.

Da damina, manya da yara suna gona tun safe. Abin da ya dace shi ne a tsawaita wa'adin aro, a kuma buɗe ɗaki da yamma da ranar Juma'a da ranar da kasuwar garin ke ci, lokacin da mutanen ƙauyuka ke shigowa da kansu.

Da kaka, akwai ɗan abin hannu. Lokaci ne na neman gudummawa, ko da damin gero ne ko kwanon wake, a sayar a sayi littattafai. Wanda ya sa daminsa a cikin abu ba ya bari ya lalace.

Da rani, aiki ya yi sauƙi ga waɗanda ba su tafi cin rani ko fadama ba. A nan ne za a shirya ajin yaƙi da jahilci, da gasar karatu da kacici-kacici da muhawara tsakanin makarantu, da daren tatsuniya inda za a gayyato tsohuwa ta yi wa yara, ɗalibai kuma su rubuta. Da bazara, gab da faɗuwar ruwa, sai a gayyato malamin gona ya yi bayani kan iri da taki, a baje ƙasidun da suka shafi batun a gefe.

Game da matan da ke cikin gida, sai a farfaɗo da dabarar akwatin littattafai. A zuba littafi ashirin ko talatin a akwati, a damƙa wa malamar Islamiyya ko wata dattijuwa amintacciya a unguwa tare da littafin rajista, a riƙa musanyawa duk wata.

8.0 Adana Tarihin Gari

Wannan shi ne aikin da babu wanda zai yi wa gari shi daga nesa. Ana iya sayo Magana Jari Ce a kasuwa ko yaushe, amma labarin yadda aka haƙa tsohuwar rijiyar gari, in mai shi ya rasu, ya tafi ke nan.

Littattafan da ake da su, irin su Labarun Hausawa da Maƙwabtansu da Kano Ta Dabo Ci Gari na Wazirin Kano Abubakar Dokaji, sun fi mayar da hankali ga sarakuna da yaƙe-yaƙe. Suna da amfani a matsayin ginshiƙi. Daga irinsu ne ɗalibi zai san jihadin da aka fara a 1804, da rigimar Ɗantunku da Sarkin Kano Ibrahim Dabo (1819–1846) wadda ke da nasaba da kafuwar masarautar Kazaure, da yadda Ɗambatta ta zama mazaunin Sarkin Bai, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarkin Kano. Amma ba za su gaya masa wanda ya fara saran dajin ƙauyensu ba, ko daga ina masaƙa da maƙera da maginan tukwane na garin suka zo, ko yadda aka rayu a yunwar 1913 zuwa 1914 da ake kira Kakalaba, da farin 1973. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa aka buga a 1954, ya nuna cewa rayuwar mace guda ta karkara tana iya zama taskar tarihi.

Ga matakan da za a bi:

1. A nemi izinin dagaci ko mai unguwa, a bayyana manufar aikin.
2. A zaɓi masu ba da bayani daga ɓangarori dabam-dabam: gidan sarauta, da malamai, da masu sana'a, da tsofaffin mata, da Fulanin da ke zaune a gefen gari.
3. A ɗauki magana da waya bayan an sami yardar mai ita, a rubuta sunansa da wuri da ranar hira.
4. A juya maganar zuwa rubutu yadda aka faɗe ta, ba tare da an gyara karin harshen mai magana ba.
5. A gwada ruwaya da ruwaya. Idan sun saɓa, a rubuta duka biyun, kada a zaɓi wadda ta fi daɗi.
6. A ɗauki hoton tsofaffin takardun ajami da wasiƙu da rasiɗan haraji, a mayar wa masu su da asalin.

Dattawa ba su cika ambaton shekara da lamba ba, sai dai su danganta abu da wani babban al'amari. Don haka yana da kyau mai bincike ya riƙe wasu shekaru a ka: isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, zamanin Sarki Alhaji Abdullahi Bayero (1926–1953), zamanin Sarki Muhammadu Sanusi (1953–1963), komawa tuƙi ta hannun dama a 1972, canjin kuɗi zuwa naira a 1973, da shirin ilimin firamare kyauta na 1976. Idan tsoho ya ce an gina masallacin Juma'a "shekara biyu bayan canjin kuɗi", an sami abin kamawa.

A kiyaye da batutuwa masu zafi, kamar asalin bauta da rikicin gona da na sarauta. Abin da mai magana ya ce a sakaya, a sakaya shi. Wanda ke son zurfafa bincike yana iya tuntuɓar Gidan Makama da Hukumar Tarihi da Al'adu a Kano, ko Gidan Arewa da Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, inda ake ajiye rahotannin gundumomi na zamanin Turawa.

9.0 Matsaloli da Mafita

Ɗakunan karatu na karkara sukan yi fama da ƙarancin kuɗi da tsufan littattafai, da rashin wutar lantarki, da gara da ƙura da yoyon rufi, da kuma littattafan da aka ara ba a dawo da su ba. Garuruwa da yawa ma ba su da ɗakin ko kaɗan. Duk da haka, da babu gara ba daɗi. Malami na iya farawa da akwatin ƙarfe guda da littattafai hamsin a kusurwar aji. A ɗora akwatin a kan duwatsu nesa da bango saboda gara, a buɗe rajistar aro, a naɗa ɗalibai biyu su kula da ita, a kuma kafa ɗan kwamiti da ya haɗa da wakilin mai gari da liman da ƙungiyar iyaye da malamai. Littafin da ya tsufa a hannun masu karatu ya fi wanda gara ta cinye yana sabo a cikin kabad.

10.0 Naɗewa

An ga cewa darajar ɗakin karatu na jama'a ba a girman gini take ba. Tana ga mutumin da ya san littattafansa, ya san jama'arsa, ya kuma san lokacinsu. A karkara irin ta arewacin Kano, sau da yawa malamin Hausa ne wannan mutum, domin shi ne ya karanci adabin, kuma shi ke jin harshen tsofaffi. Idan ya kawo wa gari littafi, ya kuma karɓi tarihin gari ya rubuta ya ajiye, to ɗalibin da ya koyar ba zai rasa abin karantawa ba, kuma a cikin abin da zai karanta har da labarin kakanninsa.

Tambayoyi

1. Bambanta ɗakin karatu na jama'a da taskar littattafan malaman zaure.
2. Kawo hanyoyi uku da yanayin karkarar arewacin Kano ke tasiri a kan aikin ɗakin karatu.
3. Zaɓi littattafan Hausa biyar da za ka ba ɗalibin ƙaramar sakandare, tare da dalilin zaɓen kowanne.
4. Tsara shirye-shiryen shekara guda na ɗakin karatun ƙauyenku bisa damina da kaka da rani da bazara.
5. Jinga: Yi hira da dattijo ko dattijuwa a garinku kan asalin wata unguwa ko sana'a, ka rubuta rahoto mai shafi uku.